Domin Wa Sawaro Ke Fure?

A watan Mayu hamadar Sonora tana tsakiyar bazararta. Ɗan ruwan da ya sauka da hunturu ya daɗe da ƙafewa, na damina kuwa sai Yuli, shi ma idan Allah ya kawo shi da wuri. A kewayen birnin Tucson, cikin jihar Arizona ta Amurka, rana takan ƙwalle har zafi ya doshi digiri 38. Ƙoramu sun koma rairayi, ciyawa ta bushe ƙarau, wasu itatuwan sun karkaɗe ganyensu don kada ɗan ruwan jikinsu ya tsere. Kowane mai rai yana tattalin abin da ya rage masa. A cikin wannan ƙunci ne sawaro yake fure.

Sawaro shi ne mafi girman kaktus a ƙasar Amurka, kuma ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai wannan hamada: kudancin Arizona, jihar Sonora ta Meziko, da ɗan gefen Kalifoniya. Ganga ce koriya, miƙaƙƙiya, ba ganye ko ɗaya, sai layukan ƙaya tun daga ƙasa har bisa, da rassa masu kauri da suka tanƙwara suka dubi sama. Tsayinsa yakan kai mita 12, wani ma ya zarce, idan kuma ya ƙoshi da ruwa nauyinsa na iya kai tan 2. Wanda ya san ƙerana da tinya a dazukan ƙasar Hausa zai ga kama, sai dai babu dangantaka tsakaninsu. Su masu farin ruwa ne mai dafi, shi kuwa kaktus asalinsa nahiyar Amurka. Fari ne ya kai kowannensu ga dabara iri ɗaya a nahiyoyi biyu.

Dabarar tasa ta tanadi ce. Yawancin saiwoyinsa ba sa nutsawa, suna shimfiɗe ne dab da fuskar ƙasa, suna kai nisan tsayinsa ta kowane gefe, don ko yayyafi aka yi su tsotse shi kafin rana ta ɗauke. Jikinsa yana da ninki kamar zugazugin maƙera, yana buɗewa idan ya sha ruwa, yana tsukewa a hankali cikin watannin fari. Har numfashinsa ma da lissafi yake yi: da rana yana rufe ƙananan ƙofofin fatarsa, sai dare ya yi, iska ta huce, sannan ya buɗe su ya shaƙi iskar da zai sarrafa abinci da ita washegari.

To, wannan mai tsimi shi ne yake facaka sau ɗaya a shekara. Tohon furanni yakan fito a da'ira bisa kansa da kan rassansa. Bayan faɗuwar rana wasu daga cikinsu su fara sakin baki, kafin dare ya raba sun buɗe sarai. Furen fari ne fat, faɗinsa wajen santimita 8, mai kauri da sheƙi. Tsakiyarsa cunkushe take da ɗaruruwan siraran zare masu ɗauke da garin barbara ruwan ɗorawa, can ƙasan maƙogwaronsa kuma ruwan zaƙi ne ya taru. Ƙamshinsa na kankana ne da ta nuna sosai, kuma ya fi tashi cikin dare. Washegari kafin la'asar furen ya rufe, ba zai sake buɗewa ba har abada. Da dare wasu su karɓe shi, haka har tsawon wajen wata guda.

Mutum kuwa yana barci a lokacin. Ko da yana farke ma, furen yana can bisa, sama da rufin ɗaki, a hamadar da mafi yawanta ba kowa. Kuma kaktus ya daɗe yana fure a wannan nahiya tun ƙafar ɗan Adam ba ta taka ta ba. Tambayar da ke tasowa tsohuwa ce, malaman addini da masana falsafa sun sha juya ta: idan an ce duniya domin mutum aka shimfiɗa ta, wannan kyau da ake yi a ɓarar a bayan idonsa, na wane ne?

Masana halittu suna da amsa, kuma amsa ce mai hujja. Furen na jemage ne. Akwai wani ƙaramin jemage mai dogon hanci da dogon harshe da ke tasowa daga tsakiyar Meziko kowace bazara, yana bin furannin kaktus zango zango har ya iso Arizona. Yawancin masu wannan tafiya mata ne masu ciki, kuma a kogunan arewa suke haihuwa daidai lokacin da furen ya wadata. Fari shi ne launin da ya fi fitowa a duhu. Ƙamshin kira ne. Kaurin furen don ya jure turmutsawar kan jemage ne, wanda zai cusa fuska ya lashi zaƙi, ya fito buɗu-buɗu da gari, ya kai wa wani sawaron, domin sawaro ba ya yin 'ya'ya da garin jikinsa sai da na ɗan'uwansa. Jinkirin rufewar da furen ke yi har rana ta take kuwa, na 'yan safe ne: wata kurciya mai farin fiffike da ƙudan zuma. Bincike ya nuna a arewacin hamadar su ne ma suke ɗaukar kaso mai yawa na aikin.

Charles Darwin, wanda ya fitar da shahararren littafinsa kan asalin jinsunan halittu a 1859, ya tunkari wannan batu gaba da gaba. Ya ƙi yarda cewa an ƙawata fure ne don a faranta wa mutum. Hujjarsa mai sauƙi ce: tsirran da iska ke yi wa barbara ba su da fure mai ado. Duk manomin da ya ga gero ya yi bununi zai shaida haka. Gero da dawa da masara ba sa neman kowa ya zo, iska ta wadace su, shi ya sa furensu ba ya ɗaukar ido. Ado yana inda ake jiran baƙo.

Ba sai an je Arizona za a ga wannan ba. Furen kuka fari ne, babba, yana rataye, da magariba yake buɗewa, ba ya kwana biyu, kuma jemage ne babban baƙonsa. Jan furen ɗorawa ma da dare yake zubo ruwan zaƙi, jemagu su yi ta kai gwauro suna kai mari a kansa. Wato daddawar da ke cikin miya da garin kuka da ake damawa, akwai hannun jemage a cikinsu, dabbar da yara ke jifa da danƙo, manya kuma ba sa ko son ta kwana a zaurensu.

Shin amsar kimiyya ta rufe zancen ke nan? Ga mai imani, sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan wuta da auduga don ya nuna cewa ganin abu biyu suna faruwa a jere bai isa ya tabbatar da cewa ɗayan ne ke yin ɗayan da ikon kansa ba. Wanda ya ce jemage ne dalilin farin fure ya faɗi yadda abin ke gudana, bai faɗi dalilin da ya sa akwai jemage da fure da dare tun farko ba. Wannan sananne ne, an kuma maimaita shi har ya ishi kowa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, akwai wani abu guda da amsar kimiyya ta rushe da gaske, kuma ya dace mai imani ya bar shi ya rushe: zaton cewa kowane abu a duniya fuskarsa tana kallon mutum ne.

Zaton bai taso a banza ba. Alƙur'ani ya ambaci hore wa mutum abin da ke sammai da ƙasa, kamar a Suratul Jasiya, aya ta 13, kuma ya ambaci karrama 'yan Adam. A bakin wasu masu wa'azi wannan yakan taƙaitu ya koma cewa duk abin da bai amfani mutum ba, ba shi da dalilin zama. Amma Littafin da ya faɗi wancan shi ne ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irin na mutane. Shi ne ya faɗa a Suratul Isra'i, aya ta 44, cewa kowane abu yana tasbihi, mutane ne dai ba sa fahimtar tasbihin. A Suratu Hud, aya ta 6, Allah ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba, bai kuma gindaya sharaɗin sai ta yi wa mutum amfani ba. Idan jemage al'umma ce mai arzikinta a wurin Ubangijinta, to furen da ya buɗe mata da tsakar dare ya riga ya isa inda aka aike shi. Bai rasa komai ba don mutum bai gan shi ba.

Ma'abota Littafi ma suna da wannan a hannunsu. A sura ta 38 ta Littafin Ayuba, cikin tambayoyin da aka jero wa bawan da ke kukan wahalarsa, akwai ta ruwan sama da ake saukarwa a jejin da babu mutum ko ɗaya, har ciyawa ta tsiro. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya yi aikin likita a Masar ya kuma rasu a 1204, ya tsaya kan wannan a littafinsa Dalalatul Ha'irin. A ganinsa kuskure ne a ɗauka an yi dukkan halittu domin mutum, kowace halitta an nufe ta ne don kanta. Ya kuma lura cewa yawan ƙorafin da mutane ke yi kan sharrin duniya daga nan yake tasowa, domin kowa yana auna sararin halitta da abin da ya same shi shi kaɗai. Tun kafin shi, a Basra ta ƙarni na 10, marubutan nan da ake kira Ikhwanus Safa sun tsara labarin dabbobi da suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljanu. Mutane suka yi ta kawo hujjar cewa su iyayengiji ne, dabbobi bayi: miƙewar tsayi, sana'o'i, tufafi, sarauta. Dabbobi suka yi ta warware su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsaya wa mutane a ƙarshe shi ne cewa a cikinsu ake samun annabawa da waliyyai, wato daraja ce da ake kaiwa gare ta da hali, ba takardar mallaka da aka haifi kowa da ita ba.

Horewa gaskiya ce, amma ta wata hanya take zuwa. Mutum yana cin daddawa ne saboda an ciyar da jemage tukuna.

Akwai wani darasi kuma da ake saurin ɗora wa furen hamada, wanda ya kamata a yi masa taka-tsantsan. Hoton fure a kan ƙaya ya zama abin da ake aika wa mai jinya ko wanda kasuwa ta juya wa baya, a rubuta masa a ƙasa cewa mahaƙurci mawadaci. Niyyar mai kyau ce, kuma tarihin sawaro kamar yana goyon bayanta. A shekaru 8 na farko tsayinsa ba ya wuce santimita 4. Sai ya kai wajen shekara 35 kafin ya yi furen farko, a wuraren da suka fi bushewa ma ya fi haka jinkiri nesa ba kusa ba. Rassa kuwa sai ya shekara 50 zuwa 70, wani sai ya doshi 100. Yana iya rayuwa shekara 150 zuwa 200. Amma a duba ɗaya gefen lissafin. Ɗa ɗaya na sawaro yana ɗauke da ƙananan iri baƙaƙe wajen 2,000, kuma an ƙiyasta cewa sawaro guda na iya zubar da iri miliyan 40 a rayuwarsa. A cikinsu da ƙyar ɗaya yake kai girman uwarsa. Sauran ba gajen haƙuri ya kashe su ba. Wani tururuwa ta ɗauke, wani ya tsiro rana ta ƙone shi cikin mako, wani ɓera ya gutsure, wani sanyin dare ɗaya ya daskarar. Akan yi shekaru da dama a jere ba a samu sabon tsiro da ya tsira ba, sai an dace da damina mai kyau biyu ko uku a jere.

Wanda ya nuna wa mai wahala furen ya ɓoye masa miliyoyin irin, ya yi masa alkawarin da addini bai yi ba. Alƙur'ani ya yi wa masu haƙuri alkawarin lada ba da lissafi ba, bai ce lallai za su ga sakamakon da idonsu a duniya ba. Sumayya ta rasu a hannun masu azabtar da ita a Makka ba ta ga ko hijira ba. Mus'ab bin Umair, wanda ya tashi cikin gata, ya faɗi a Uhudu aka rasa mayafin da zai rufe shi duka, in an rufe kansa ƙafafu su fito, sai da aka sa ciyawa. Khabbab bin Aratt, da yake tuna wannan daga baya, ya raba sahabbai gida biyu: waɗanda suka tafi ba su ɗanɗani komai na sakamakonsu a nan ba, da waɗanda amfaninsu ya nuna suka girba. Bai ce na farkon sun gaza na biyun haƙuri ba. Matar da ta yi jinyar ɗanta shekaru ya kuma rasu, da manomin da ya yi duk abin da ake yi fari ya cinye gonar, sun cancanci a gaya masu wannan gaskiyar maimakon a miƙa masu hoton fure.

To irin da bai tsiro ba, asara ce? Nan ma ma'aunin mutum ne ke ruɗarsa, shi da ya saba ƙirga damin da ya shiga rumbu. 'Ya'yan sawaro suna nuna ne a ƙarshen Yuni, lokacin da hamadar ta fi kowane lokaci ƙishi. Sukan tsage su nuna jan ciki mai zaƙi da ruwa, har daga nesa baƙo ya ɗauka wani furen ne. A waɗannan makonni kusan duk mai motsi a wurin a kansu yake rayuwa: kurciya tana ciyar da 'ya'yanta, jemage yana ci, abin da ya faɗo ƙasa dila da aladen daji da kunkuru da ɓeraye da tururuwa su kwashe. Irin da bai zama itace ba ya zama jini da fiffike. Shi kansa jikin sawaron gida ne: wani tsuntsu mai sassaƙa da baki yakan huda rami ya yi sheƙa, idan ya tashi wata 'yar mitsitsiyar mujiya ta gaje shi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Abin lura shi ne an jera tsuntsu da dabba tare da mutum. Abin da tsuntsu ya ci ba a lissafa shi cikin ɓarna ba.

Wannan bai sa komai ya zama sumul ba. Ɗan sawaro ba kasafai yake tsira ba sai a ƙarƙashin wani itace da zai yi masa inuwa da rana, ya kare shi daga sanyi da dare, galibi wani mai koren ɓawo da ake kira palo berde. Masana na kiran irin wannan itace mai reno. Shekaru suna tafiya, saiwoyin sawaro suna tare ruwan sama kafin ya kai ga na mai renon, sau da yawa har mai renon ya bushe ya mutu, sawaron kuma ya ci gaba da tsayi a kan kufansa. Babu wa'azi mai daɗi da za a ciro daga nan, kuma bai kamata a ƙaƙalo shi ba. Halitta aya ce da ake tunani a kanta, ba a ce kowane abin da ke cikinta abin koyi ne ba.

Mutanen da suka fi kowa daɗewa da sawaro su ne Tohono O'odham, 'yan asalin wannan hamada, waɗanda iyakar Amurka da Meziko ta ratsa ƙasarsu ta raba. Sabuwar shekararsu tana kamawa ne da nunar 'ya'yan sawaro. Iyalai sukan fita tun da asuba da doguwar gora da aka haɗa daga haƙarƙarin mataccen sawaro, su zunguro 'ya'yan, su kwarfe jan cikin a cikin bokiti, su dafa shi ya yi kauri ya zama madi. Ɓawon kuwa sai su ajiye shi a ƙasa, jan cikinsa yana duban sama, alamar roƙon ruwa. Wani kaso na madin ana tsima shi don bikin kiran damina. A tatsuniyoyinsu sawaro mutum ne tun asali, yaro ne da ya nutse cikin ƙasa ya fito a wannan siffa, shi ya sa suke ɗaukarsa ɗan'uwa, suke hana yara jifansa. Musulmi ko Kirista ba zai bi su a wannan aƙida ba, ba zai kuma sha abin da suke tsimawa ba. Amma ladabin da ta haifar abin dubawa ne. Sun ci daga itacen ƙarni bayan ƙarni ba su ƙarar da shi ba, domin sun ɗauki kansu masu rabo a cikin masu rabo. Da aka zo gina katangar iyaka a 2019 da 2020 aka tuttuge sawaro da manyan motoci a yankin Organ Pipe, su ne suka fi kowa kuka.

Idan furen ba na mutum ba ne, mene ne nasa a ciki? Akwai wani kaktus a wannan hamada da ake yi wa laƙabi da sarauniyar dare. Duk shekara kamar busasshen kara yake a gindin wani itace, ba mai kula shi, alhali a ƙarƙashin ƙasa yana da ƙaton tushe mai ajiyar ruwa. Dare ɗaya a Yuni ko Yuli, yawancin waɗanda ke yanki guda sai su buɗe fararen furanni masu ƙamshi a tare, da safe su yanƙwane. Baƙonsu wani babban malam-buɗe-littafi ne na dare. A lambun Tohono Chul da ke Tucson ma'aikata sukan yi ta auna tohon, idan suka ga daren ya zo su yi shela, jama'a su yi dafifi da fitilu suna bin layi. Ba abin da za su ci, ba abin da za su sayar. Malam-buɗe-littafi ya san zaƙin, amma bai san tushen da ke ƙasa ba, bai san shekarar da aka yi ana jira ba. Jemage bai san cewa tafiyarsa daga Meziko ce ke riƙe da dajin sawaro ba. Mutum kaɗai ne a cikinsu aka ba ikon ya haɗa labarin, ya ga fure da jemage da damina a matsayin abu ɗaya, ya yi mamaki, ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan. Rabonsa ke nan, tafakkuri, kuma ba ƙaramin rabo ba ne. Sai dai wanda ya san yadda abu yake haɗe shi ne kuma ya san inda zai taɓa ya warware, nan ne amanar da Suratul Ahzab ta ce sammai da ƙasa da duwatsu sun ƙi ɗauka take shigowa.

Tarihin Arizona ya nuna yadda riƙon amanar ya kasance. A 1931 jihar ta ayyana furen sawaro a matsayin furenta na hukuma, a 1933 gwamnatin tarayya ta keɓe masa gandu a gabashin Tucson, wanda ya zama cikakken gandun ƙasa a 1994. Amma a farkon shekarun 1940, da aka ga tsofaffin sawaro suna ruɓewa suna faɗuwa, masana suka ɗauka annoba ce, suka sare masu alamar ciwo a wani yanki suka binne. Sai daga baya aka gane tsufa da tsananin sanyi ne ke kashe manyan. Ainihin ciwon kuwa rashin ƙanana ne, saboda an sare itatuwan reno an yi makamashi da su, shanu kuma sun tattake abin da ya tsiro. Da aka fitar da shanu daga gandun a shekarun 1970, itatuwan suka dawo, ƙananan sawaro suka biyo su. Jemagen ma ya ga tasku. A 1988 aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, lokacin waɗanda aka ƙirga ba su kai 1,000 ba. Aka tsare kogunansa a ƙasashen biyu, aka wayar da kan mutanen da ke kashe shi bisa zaton mai shan jini ne. A 2018 aka cire shi daga jerin da ƙiyasin 200,000, jemage na farko da Amurka ta taɓa cirewa saboda ya farfaɗo.

Barazanar yau ta fi wuyar sha'ani. A 2023 birnin Phoenix ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, dare kuma ba ya hucewa. Itacen da sai dare ya yi sanyi yake numfashi ya shiga uku. A lambun tsirran hamada na birnin aka ga manyan sawaro suna zubar da rassa, wasu suna kifewa gaba ɗaya. Sannan ga ciyawar bafal, 'yar'uwar ƙarangiya, wadda aka kawo daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu da tare zaizayar ƙasa. A gidanta ciyawa ce mai albarka, ta saba da gobarar daji, tana ƙonewa ta sake tohowa. A Sonora kuwa ta cike filin da ke tsakanin itatuwa, wanda a da shi ne ke hana wuta yaɗuwa, ga shi sawaro bai san wuta ba, idan ta lashe shi da wuya ya tashi. Waɗanda suka kawo ta alheri suka nufa, amma tambaya ɗaya suka yi, ko za ta ƙosar da saniya.

Yanzu masu aikin sa-kai ne ke hawa tsaunukan Tucson da sandunan ƙarfe suna tone ta da saiwarta, kuma dole su koma wuri ɗaya shekaru a jere, domin irinta yana daɗewa a ƙasa bai mutu ba. Gandun ƙasan kuma yana ƙidayar sawaro duk shekara 10 tun daga 1990. Ɗalibai da tsofaffin da suka yi ritaya sukan durƙusa suna leƙa gindin kowane itace, suna neman tsiron da bai kai babban yatsa ba, su auna shi su rubuta. Ƙidayar 2020 ta nuna yawan sawaro bai ragu ba, amma sababbin da suka tsira tun tsakiyar shekarun 1990 kaɗan ne ƙwarai saboda dogon fari da ƙaruwar zafi. Idan an bi tsarin, za a sake ƙidaya a 2030.